Ƙyauren Majalisa a Ɗakin Umaru Baduku

Ku da kuke ɗora bulo a kan bulo kuna cewa gini ba wuya, ku gyara zama in ba ku labarin ƙofa guda. Na gina soraye a Illela da Tozai da Kalmalo, har ƙetaren iyaka an kira ni na yi aiki an sallame ni da sefa. Amma in aka ce in faɗi aikin da ya fi zauna mini a rai, ƙofar ɗakin Umaru Baduku ce, wadda na fasa da hannuna, na kuma mayar da hannuna.

Sunana Garba. A hannun Sarkin Magina Alu na koyi gini, kuma na daɗe a gidansa ban taɓa bango ba, sai kwaɓa ƙasa. A haƙo ta, a jiƙa, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a taka da ƙafa har ta yi danƙo, a bar ta ta ruɓa, a dawo a sake takawa. Da ƙafata ta ƙware aka ɗaga ni zuwa mulmula tubali, daga nan zuwa jifa. Ku ba ku san jifa ba. Magini yana zaune a kan bango kamar mai hawan jaki, kai kana ƙasa kana cilla masa tubali, ya cafe ya dasa. In ka cilla da sanyin hannu ya dawo maka a ka. In ka cilla da ƙarfi ka daki Sarki a ƙirji, gara ma na farkon. Kayan aikinmu ba su da yawa: magirbi na haƙa da sara, kwando, tsani, igiya, sai tafin hannu, wanda shi ne babba.

Masu gida kuwa iri ɗaya ne da na yanzu. Kowa yana son zauren da zai fi na maƙwabcinsa tsayi, ɗakin matarsa ko kamar akurki ne ba ruwansa. Sarki Alu bai cika yi musu gardama ba sai a kan abu biyu, indararo a sama da dokin ƙofa a ƙasa. Dokin ƙofa shi ne ɗan tudun nan da ake ginawa a bakin ɗaki, wanda kuke tsallakewa ba ku ko kallonsa. Sarki yakan ce ɗakin ƙasa ba daga ka yake mutuwa ba, daga ƙafa ne. Ruwan tsakar gida in ya sami hanya ya shiga, ya kwanta a gindin bango, to a fara neman wurin kwana.

Bayan an sami mulkin kai, majalisar da ke kula da garinmu ta tashi da zafinta. Aka yi rijiya, aka gyara rumfunan kasuwa, sai kuma aka ce za a taimaki naƙasassu, a gyara musu gidaje yadda shiga da fita za su yi musu sauƙi. Sanƙira ya zaga gari ya faɗa. Niyya ce mai kyau, ban taɓa cewa ba mai kyau ba ce. Aka zauna aka yanke cewa duk gurgu a sare masa dokin ƙofa, a faɗaɗa masa ƙofar, a shafe bakin da siminti, a sa masa sabon ƙyaure na katako. Aka ce da Umaru Baduku za a fara, domin ɗakinsa yana bakin hanya, kowa zai gani.

Umaru sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa. Shan inna ya kama shi yana yaro, ƙafafun suka shanye. Da hannu yake tafiya, yana dafa wasu 'yan katakai biyu, kuma damatsansa sun fi cinyata kauri. Dukanci yake yi, kube da layu da linzami, Buzaye ma in sun shigo gari wajensa suke zuwa. Ɗakin da yake ciki mahaifinsa ne ya gina, shi ke nan abin da ya gada. Matarsa Hajo 'yar Gidan Katta ce, mace mai yawan dariya. Dokin ƙofar nan da aka ce shi ne matsalarsa, a kansa yake zama yana ɗinki tun safe har yamma, ya jingina da jikin ƙofa. Tsallake shi kuwa, kafin ka ce kwabo ya dafa ya wuce.

Ranar da muka je, ni ne da magirbi a kafaɗa, da Malam Shehu malamin ayyuka na majalisa, ɗan wani tsohon gida a Sakkwato, mutum mai kunya da farar riga. Umaru ya ɗago kai ya dube mu.

Ya ce, "Lahiya, Garba? Mi niy yi?"

Malam Shehu ya ce, "Ba ka yi komi ba. Taimako anka kawo maka."

"Taimako da magirbi?"

Malam ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Umaru ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Malam, in gyara za a yi, sakata za a sauko min da ita. Hannuna bai kaiwa. Tun da anka ɗaura muna aure, Hajo ka ruhe ɗaki, ita ka buɗewa. Ban taɓa ruhe ɗakina da hannuna ba."

Malam Shehu ya ce sakata ba ta cikin abin da aka yanke, dokin ƙofa aka ce. Amma ya kwantar da hankalinsa, sabon ƙyaure zai zo da sabuwar sakata. Umaru ya ja jikinsa gefe ya ba mu wuri. Me zai ce? Hukuma ce ta zo har gida da alheri.

Aikin fasa ƙofa ba kamar yadda kuke zato ba ne. Sai ka tokare azarar da ke saman ƙofar da itace tukuna, ka yanki bangon kaɗan-kaɗan daga gefe, ka zura doguwar azara ta maye gurbin gajeriyar, sa'an nan ka sare dokin har ya yi daidai da daɓen ɗaki. Na yi shi tsaf, ba na jin kunyar wannan aikin. Da na gama na ce a kawo siminti a rufe bakin yankan, domin bangon ƙasa da aka yanka kamar gyambo ne, ba a barinsa buɗe. Malam Shehu ya ce siminti ba zai fito ba sai mai duba aiki ya zo daga birni ya ga an fasa daidai. Tsohon ƙyauren kuma aka ɗora shi a jaki aka kai wa kafintan majalisa, wai ya ɗauki awo a jikinsa.

Daga nan abin ya zauna. Mai duba aiki ya ce ba zai taso don ramin ƙofa ba, sai ƙyaure ya zo ya duba gaba ɗaya. Kafinta yana jiran katako. Katako yana jiran mota. Na ce to a bar ni in yaɓe wurin da ƙasa, in mayar da ɗan tudu kafin damina, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Aka ce a'a, ƙofar nan ta zama aikin majalisa, wanda ya taɓa ta ya taɓa kayan hukuma. Umaru da kansa ya tara ƙasa a bakin ɗakin, masinja ya zo ya ce ya kwashe, mai duba aiki yana so ya tarar da wurin yadda aka bar shi. Hajo ta rataya asabari, suka ci gaba da kwana haka.

Yanzu za ku ce me ya hana shi kai ƙara. Ku kuna da rediyo kuna da baki. A lokacin, talaka ba ya kai ƙarar kyauta. An ba ka, ka ce an cuce ka? Sunanka butulu. Ga shi kuma zamanin siyasa ne, mutum ya yi tari a gaban majalisa sai a ce ɗan adawa ne, gobe ya ga ɗan doka a ƙofarsa, in yana da ƙofar. Abu ɗaya ne aka bar wa talaka wanda ba mai hana shi, shi ne gaisuwar Juma'a. Bayan an sauko masallaci manya sukan zauna a zauren majalisa, kowa ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa, wanda aka yi wa alheri ya yi godiya. To, Umaru sai ya tafi godiya.

Ina wurin a Juma'ar farko. Ya shigo da 'yan katakansa ƙwas-ƙwas, ya tsaya a gaban shugaban majalisa ya ce, "Allah shi ba ka nasara, godiya niz zo yi. Da sai na hita waje nike ganin hantsi. Yanzu rana ka iske ni bisa tabarmata." Shugaba ya ji daɗi ƙwarai, ya ce madalla, haka ake so.

Juma'a ta zagayo, ga Umaru. Ya ce, "Allah shi ba ka nasara, godiya ta. Akuyar maƙwabcina ma ta ce in miƙa tata. Ta shiga ba ta ko ɗaga ƙahwa ba, ta cinye jar hwatar da anka ba ni ɗinki." Wani a baya ya yi dariya ya mayar da ita tari. Umaru ko gezau, fuskar nan kamar mai karanta Fatiha. Haka ya riƙa yi. Ya gode da iska, ya gode da kaji, ya gode da yadda masu wucewa suka san abin da ake ci a gidansa ba sai sun tambaya ba. Mutane suka fara cika zauren, har masu zuwa daga Kalmalo sukan ƙi komawa da wuri don su ji godiyar wannan makon. Kuma ba yadda za a yi da shi, don ba a taɓa ɗaure mutum a kan ya gode ba. Sarkin Makafi dai ya aiko da nasa saƙon, ya ce jama'arsa suna godiya, amma gidajensu lafiya lau suke, kada majalisa ta wahalar da kanta. Ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta.

Malam Shehu ya same ni wata rana ya ce in raka shi wajen Umaru. Mutumin ya rame, domin shi ake harara duk Juma'a, alhali ba shi ke riƙe da katako ba. Ya tsuguna ya ce, "Don Allah, Umaru, ka bar godiyar ga haka nan."

Umaru ya ce, "Haba Malam. Butulu kake so in zama?"

Ana cikin haka wan Hajo ya zo daga Gidan Katta. Tanko sunansa, manomi ne, ba ya da wasa. Ya tsaya ya dubi asabarin, ya ɗaga shi da sandarsa, ya leƙa ya ga gadon ƙanwarsa daga bakin hanya. Bai yi faɗa ba. Ya ce su a gidansu matar aure ba ta kwana a ɗakin da ba ƙyaure, ko rumbu ana rufe shi. Hajo ta haɗa kayanta ta bi shi, ran da aka kafa ƙyaure a aiko. Hajo ta yi kuka ta ce ita ba ta damu ba, amma babban wa uba ne. Ta tafi tana waiwaye.

Juma'ar nan ma Umaru ya je. Ya ce, "Allah shi ba ka nasara, na gode. Ɗaki ya yi hili. Da mu biyu muna matsuwa, yanzu ni ɗai na." Ranar ba wanda ya yi dariya. Shugaba ya sunkuyar da kai ya ce a aika wa kafinta. Aka aika, kafinta ya ce yana jiran katako.

Sai damina ta sauka, kuma shekarar ba a yi ruwan wasa ba. Tafkin Kalmalo ya cika ya ci gonaki, ɗakuna masu lafiya ma sun sha wuya, balle mai buɗaɗɗen baki. Duk ruwan da aka yi sai ya gangaro daga hanya ya shige ɗakin Umaru kamar an gayyace shi. Ina zuwa ina dubawa. Gindin bango ya fara yin baƙi, ya fara laushi, in ka danna da yatsa ya lotsa. Ran da na ga tsaga ta taso daga gefen ƙofar ta nufi azara, na ce masa ya kwaso fatunsa ya dawo zaurena. Ya ƙi, ya ce ɗakin ubansa ne. Na ce ubansa magini ya kira ya gina, ni ma magini ne nake ce masa ya fito. Da ƙyar ya yarda.

Da la'asar ya faɗi, ana tsakiyar ruwa. Muna zaune a zaurena muka ji rugugi, ba mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhuna. Bangon gaba ya zame, rufin ya bi shi. Da ruwa ya tsagaita Umaru ya ja jiki cikin taɓo ya je ya zauna a gaban tarin ƙasar. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, domin ɗakin nan da an bar shi da sai mun mutu duka mun bar shi a tsaye.

Na zaci ya gama godiya. Ina! Juma'a ya wanke rigarsa ya tafi. Ya ce, "Allah shi ba ka nasara. Anka yi min alkawali za a hwaɗaɗa min ƙohwa. To, ta hwaɗaɗa. Ko raƙumi da kaya shina shiga."

Ƙyauren ya iso da kaka, ana yankan gero. A jaki aka kawo shi, Malam Shehu yana biye. Ƙyaure ne na gaske, katako mai kauri, da firam ɗinsa a haɗe, an shafa masa koren fenti, ga tambarin majalisa a goshinsa. Aka jingina shi da tarin ƙasar da ta kasance ɗaki. Na ciro igiya na auna. Na sake aunawa. Faɗinsa daidai da tsohon ƙyauren, ba ƙari ba ragi, tunda a jikinsa aka ɗauki awo. Wato ko da ɗakin yana tsaye, ba zai rufe ƙofar da aka sa na faɗaɗa ba.

Na ce, "Malam, ina za a kahwa shi?"

Malam Shehu ya dubi ƙyauren, ya dubi kangon, ya cire hularsa ya mayar. Ya ce aikin majalisa ƙofa ce, kuma ƙofar babu ita. Abin da ruwa ya kayar ba na majalisa ba ne, kowa yana iya ginawa a filinsa. Ƙyaure dai na hukuma ne, kada a cire ko ƙusa ɗaya daga jikinsa. Wannan ita ce magana mafi amfani da na taɓa ji daga bakin ma'aikaci.

Muka yi gayya. Dukawa suka zo, mahauta suka zo, har masu zuwa jin godiya suka taka ƙasa, don sun san sun ci bashin dariya. Ƙasar tsohon ɗakin muka sake jiƙawa muka kwaɓa, domin ƙasar da ta taɓa zama bango ta fi sabuwa kyau, kuma Umaru ya ce ta ubansa ce. Ban taɓa gina ɗaki don ƙyaure ba sai wannan karo. Da na zo bakin ƙofa na tambayi Umaru yaya yake son dokin. Ya ce yadda yake da, tsayinsa da faɗinsa, ya gaji da ɗinki a ƙasa. Na gina masa abinsa.

Ran kafa ƙyaure muka ɗaga shi muka tsayar. Umaru yana zaune a ciki, ya ɗaga kai ya dubi sakatar. Sabuwa fil, ta ƙarfe, an dasa ta daidai kafaɗar mutum mai tsayuwa. Ya miƙa hannu iya tsawonsa, bai kai ba. Cire ta kuwa an hana.

Ya ce, "Garba, ƙyaure na da kai da ƙahwa?"

Na ce, "Sai yadda anka kahwa shi."

Muka sauke shi, muka juya shi da firam ɗin gaba ɗaya, kai ƙasa ƙafa sama, muka dasa, na cike gefe da ƙasa na shafe da tafin hannu. Tambarin majalisa ya koma kusa da dokin ƙofa yana kallon ƙasa. Malam Shehu ya karkata kai ya dube shi, ya ga ba a cire ƙusa ba, ya ce shi bai ga laifi ba, sauran na mai duba aiki ne. Mai duba aiki kuwa har soja suka karɓi mulki bai zo ba. Kafin Malam ya tafi ya tambayi Umaru a hankali ko za a gan shi Juma'a.

Umaru ya ce, "A'a Malam. Wanga karo na gode."

Aka aika Gidan Katta. Tanko ya zo da Hajo a bayansa, da ƙullin kayanta a ka. Shi ne kaɗai ya duba aikin nan. Ya tura ƙyauren, ya ja, ya ƙwanƙwasa da sanda, ya leƙa ta gefe ko zai ga haske, bai gani ba. Ya ce ya yi, ya juya ya kama hanya ko ruwa bai sha ba. Hajo ta tsallake dokin ƙofa ta shiga. Umaru ya dafa ya bi ta, ya tura ƙyauren.

Ina waje ina kakkaɓe kwandona sai na ji ƙarar sakata, ƙarat, daga can ƙasa, daidai gwiwata. Na ɗauki magirbi zan tafi, sai na ji an zare ta, an sake turawa. Aka kuma zarewa, aka kuma turawa. Hajo tana dariya a ciki tana cewa ya isa haka, zai lalata kayan hukuma.